Harlem: Unguwa Ta Yi Arziki, Mutanenta Fa?

A ƙidayar jama'a ta 1990, tsakiyar unguwar Harlem da ke birnin New York tana da mutum wajen dubu 101, fararen fata a cikinsu 672 ne kacal. Ko masallacin Juma'a ɗaya ba za su cika ba. A 2000 sun zama 2,200. Zuwa 2008 an ƙiyasta su 13,800. A cikin waɗannan shekarun ne kuma kuɗin shigar gidajen unguwar ya fara hawa, yawan waɗanda hukuma ke lissafawa a matsayin matalauta ya fara raguwa, kangaye suka koma benaye, manyan kantuna suka buɗe a Titi na 125.

Tun daga lokacin ake ta ja-in-ja. Hukumomin birni da dillalan gidaje suna nuna kuɗin shiga da ke hawa, suna cewa ga shi nan Harlem ta farfaɗo. Tsofaffin mazauna suna nuna adadin baƙaƙen fata da ke sauka, suna cewa korarsu ake yi. Kowane ɓangare da alƙalumansa a hannu, kuma babu wanda ya ƙirƙiri nasa. Ni a ganina hawan da saukar daga tushe ɗaya suka fito, tushen kuwa yana wurin tambayar da ba kasafai ake yin ta ba: gidajen na wa ne?

Amma kafin nan sai a san wace Harlem ake nufi, domin rabin gardamar a nan take. Akwai Harlem ta Tsakiya, wadda ta tashi daga Titi na 110 a bakin lambun Central Park ta miƙe arewa har Titi na 155 da gaɓar kogi. Ita ce wadda duniya ta sani, mai gidan rawa na Apollo da cocin Abyssinian da masallacin da Malcolm X ya yi wa'azi a ciki. Akwai Harlem ta Gabas, wadda 'yan Puerto Rico suka mamaye har suka laƙaba mata El Barrio. Akwai ta Yamma, inda 'yan Jamhuriyar Dominika suka yi yawa, ga kuma Jami'ar Columbia tana ta faɗaɗa harabarta a can. In aka haɗa ukun, baƙaƙen fata sun riga sun rasa rinjaye. A 2008 kashi 41 cikin ɗari ne. In aka ware ta Tsakiya ita kaɗai, a wannan shekarar kashi 62 ne. Duk wanda ya ce maka Harlem ta daina zama ta baƙaƙe, ko ya ce har yanzu tasu ce, tambaye shi inda ya ja iyakar. A nan zan fi tsayawa kan ta Tsakiya.

Ba baƙaƙen fata aka gina wa Harlem ba. 'Yan Holan ne suka kafa ta a 1658 tana ƙauye, sunan ma daga wani garinsu suka aro shi. A ƙarshen ƙarni na 19 aka cika ta da gidajen jan dutse da benaye domin Turawa masu hali. Da labari ya bazu cewa jirgin ƙarƙashin ƙasa zai bi ta titin Lenox, wanda kuwa ya iso a 1904, sai 'yan kasuwar gidaje suka yi ta gini har ya fi ƙarfin masu buƙata. Kasuwa ta faɗi, ɗakuna suka zauna fayau. Nan wani dillali baƙar fata mai suna Philip Payton ya hango ƙofa. Ya riƙa karɓar gidajen da suka rasa masu shiga yana cika su da 'yan haya baƙaƙen fata, waɗanda sau da yawa suke biyan fiye da abin da Bature zai biya a irin ɗakin. Sun biya ɗin ne don kusan duk sauran unguwanni masu kyau a rufe suke gare su.

Sai ga babbar ƙaura. Daga 1910 zuwa 1970, baƙaƙen fata wajen miliyan shida suka baro jihohin kudu, suna gudun dokokin wariya da kisan gilla da noman auduga da ba ya fitar da mutum daga bashi. Na Virginia da Carolina da Georgia da yawa New York suka nufa, ga kuma masu zuwa ta jirgin ruwa daga Jamaika da Barbados. A 1910 baƙaƙe kashi 10 ne a Harlem ta Tsakiya. A 1930 kashi 70. A 1950 kashi 98, cikin mutum kusan dubu 237.

Wannan kashi 98 ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ma'aunin da ake gwada yau da shi, ana cewa an faɗo daga can. Babu unguwar da take zama haka da kanta a birni irin New York. Katanga aka yi. Masu gidaje a wasu unguwanni suna rattaba hannu kan yarjejeniyar ba za su sayar wa baƙar fata gida ko su ba shi haya ba, kuma sai a 1948 Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta bin irin wannan yarjejeniya. A shekarun 1930 wata hukumar tarayya ta zana taswirorin birane tana shafa jan launi a kan unguwannin da ta ce ba da rance a cikinsu haɗari ne, kuma kusan duk inda baƙaƙe suke ja aka shafa. Bankuna suka janye hannu. Lokacin da kamfanin inshora na Metropolitan Life ya gina katafaren rukunin gidajen Stuyvesant Town a ƙasan Manhattan a shekarun 1940, ya hana baƙaƙe shiga, ya je Harlem ya gina musu nasu daban, Riverton.

Katangar ta haifar da abu biyu. Na farko shi ne wanda ake tunawa da kewa. Tunda likita da lauya da mawaƙi da mai shara duk fatarsu ɗaya, duk a cikin katanga ɗaya suka zauna. Masu kuɗin suna Strivers' Row da Sugar Hill, talakan yana layi biyu daga nan, coci ɗaya, aski ɗaya, jarida ɗaya. Launi bai bambanta ba amma aljihu ya bambanta, kuma wannan cakuɗuwar ce ta ba Harlem ƙarfin da ta yi a adabi da kiɗa da siyasa. Na biyun shi ne wanda ba a cika ambata ba: mutanen da suka cika unguwar ba su mallake ta ba. Gidajen da manyan kantunan Titi na 125 galibi na fararen fata ne da ke kwana a wasu wurare. A 1934 sai da aka ƙaurace wa kantin Blumstein kafin ya yarda ya ɗauki baƙaƙe aikin sayar da kaya, a titin da kusan duk masu sayayyarsa baƙaƙe ne. Babban birnin baƙar fatar Amurka, kamar yadda ake yi mata kirari, garin 'yan haya ne.

Yanzu ga abin da masu cewa Turawa ne suka kori mutanen Harlem suke tsallakewa. Daga 1950 zuwa 1990 mutanen Harlem ta Tsakiya sun ragu daga dubu 237 zuwa dubu 101. Baƙaƙen fata sun ragu daga sama da dubu 230 zuwa ƙasa da dubu 90. Fiye da rabi sun tafi, kuma a lokacin babu wani Bature da ke neman ɗakinsu. Da katangar ta fara tsagewa, musamman bayan dokar hana wariya a harkar gidaje ta 1968, duk wanda yake da albashin da zai ɗauke shi ya tashi: malamin makaranta, ma'aikacin gidan waya, direban bas, ma'aikaciyar jinya. Suka koma wasu gundumomin birnin, Queens da Bronx da Brooklyn, da jihar New Jersey, inda mutum zai iya sayen gida mai ɗan fili a baya. Waɗanda suka rage su ne waɗanda ba su da halin tashi. Masana'antu suka bar birnin, hiroyin ta shigo, daga baya hodar iblis mai araha ta biyo. Masu gidaje suka ga hayar ba ta biyan haraji da gyara da man ɗumama ɗaki, suka watsar da gidajen, wasu suka ci wuta. Hukumar birni ta riƙa ƙwace gidajen da ba a biya musu haraji ba, har a ƙarshen shekarun 1980 ta wayi gari ita ce mai fiye da rabin gine-ginen zama a Harlem. A 1990 wasu likitoci biyu na Asibitin Harlem, Colin McCord da Harold Freeman, suka wallafa bincike da ya nuna namiji baƙar fata a Harlem bai kai namiji a Bangladesh damar kaiwa shekara 65 a duniya ba.

A wancan lokacin kason baƙaƙe yana kusa da kashi 90. Wato shekarun da unguwar ta fi zama "tasu" a takarda sun haɗa da shekarun da suka fi shan wuya. Shi ya sa ba na yarda da mai ɗaukar yawan kaso a matsayin alamar lafiya.

Juyin ya fara ne da kuɗin gwamnati kafin na 'yan kasuwa. A tsakiyar shekarun 1980 magajin gari Ed Koch ya fito da shirin gidaje na shekara goma da ya kai dala biliyan 5.1, aka shiga gyara kangaye. Coci-coci suka kafa kamfanonin gini, wanda ya fi suna shi ne na Abyssinian a ƙarƙashin Calvin Butts. A 1994 ɗan majalisa Charles Rangel ya samo wa arewacin Manhattan, inda Harlem take, matsayin yankin tallafi na musamman, da dala miliyan 300 daga tarayya da jiha da birni. Kisan kai a New York, da ya kai 2,245 a 1990, ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da 300 a 2017. Babban kantin abinci na Pathmark ya buɗe a 1999, Starbucks ma a shekarar, Bill Clinton ya kama ofis a Titi na 125 a 2001, Whole Foods ya zo a 2017. Ga jirgi da zai kai ka tsakiyar Manhattan cikin kwata ɗaya na awa ko makamancin haka, ga gidajen dutse da ba a ƙara gina irinsu. Abin mamaki ba shi ne masu hannu da shuni sun zo ba, shi ne daɗewar da suka yi ba su zo ba.

To, kuɗin shiga fa? A nan ne ake yawan yi wa mai karatu wayo, wani lokaci ba da gangan ba. Abin da hukumar ƙidaya ke bayarwa shi ne kuɗin shigar gidan da ke tsakiya: a jera gidajen unguwa daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, a ɗauki na tsakiyar layi. A ce layi ne mai gida tara, na biyar shi ne ma'auni. Sai gidaje uku mafiya talauci suka tashi, masu kuɗi uku suka shiga ɗakunansu. In aka sake jerawa, wanda a da yake na takwas shi ne yanzu na biyar. Ma'auni ya yi tsalle daga samun gida na biyar zuwa samun gida na takwas, rahoto zai ce unguwa ta samu ci gaba, alhali babu mutum ɗaya da aka ƙara wa kwabo. Ukun da suka tashi kuwa suna can da talaucinsu a wata unguwa, suna ja wa can ɗin ma'auni ƙasa. Ƙidaya wuri take aunawa. Ba ta bin mutum ta ga inda ya ƙare.

Haka kuma kason launi. Zai iya faɗuwa ba tare da ko mutum ɗaya ya tashi ba, in sababbi suka cika filayen da babu kowa. Harlem ta 1990 kuwa cike take da irin waɗannan filaye, kuma wani ɓangare na faɗuwar kason daga nan ya fito. Daga 2000 zuwa 2008 mutanen ta Tsakiya sun ƙaru daga dubu 109 zuwa dubu 126. Sai dai ba cike gurbi kaɗai aka yi ba, domin adadin baƙaƙen kansa ya sauka zuwa wajen dubu 77, mafi ƙanƙanta tun shekarun 1920. A ƙidayar 2020, in aka haɗa Harlem uku, fararen fata sun ƙaru da sama da dubu 18 cikin shekara goma, baƙaƙe sun ragu da kusan dubu 11. A ta Tsakiya, inda a 2000 mutum uku cikin huɗu baƙaƙe ne, sun koma kusa da rabi.

Ina suka tafi, kuma korarsu aka yi? Amsar ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi. A 2004 masana biyu, Lance Freeman da Frank Braconi, suka duba unguwannin New York da masu kuɗi ke shiga, suka tarar talakan da ke cikinsu bai kai talakan sauran unguwanni yawan tashi ba. Masu fafutuka sun ji haushin wannan sakamako, amma in ka duba yadda gidajen suke za ka gane dalili. Harlem cike take da gidajen hukuma, irin su St. Nicholas da Polo Grounds da Drew-Hamilton, inda haya take kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu, ko unguwa ta yi tsada ko ba ta yi ba. Ga kuma ɗakunan da doka ta ƙayyade ƙarin hayarsu, waɗanda a faɗin birnin sun kai wajen miliyan ɗaya. Tsohuwar da ke da irin wannan ɗaki, ga titi ya yi lafiya, ga kanti a kusa, me zai tashe ta? Ta riƙe shi gam.

Matsalar tana bakin ƙofa. Talaka kullum yana tashi daga unguwa, saboda aure ko aiki ko mutuwa ko rigima da mai gida. A da, in ya tashi, wani talaka ne ke shiga ɗakin. Yanzu in ya tashi, ɗakin ya bar hannun talakawa ke nan. Daga farkon shekarun 1990 har 2019 dokar jihar ta ba mai gida damar fitar da ɗaki daga ƙayyadewa in ɗan haya ya tashi kuma hayar ta kai wani mataki, wanda da farko dala 2,000 ne a wata. Ba sai an faɗa maka abin da wannan ya koya wa masu gidaje ba: jan ƙafa wajen gyara, tayin kuɗi don ka tashi, kai ƙara kotu kan abin da bai taka kara ya karya ba. An soke wannan dama a 2019, bayan ɗakuna da yawa sun riga sun fita. Cibiyar Furman ta Jami'ar New York ta lissafa cewa daga 1990 zuwa farkon shekarun 2010 haya a Harlem ta Tsakiya ta ƙaru da kashi 53 cikin ɗari bayan an cire hauhawar farashi, kuma yanki ɗaya ne kawai a duk birnin ya fi ta, wato Williamsburg da Greenpoint na Brooklyn. Saboda haka kaka tana nan a ɗakinta, amma jikanta da aka haifa a layin, ya yi karatu ya samu aiki yana son yin aure, ba shi da wurin da zai kama. Babu takardar kora da aka ba shi, ba zai fito a wani lissafin korarru ba. Zai dai tsinci kansa a Bronx, ko Atlanta, ko Charlotte, ko Houston. Birnin New York gaba ɗaya ya rasa baƙaƙen fata kusan dubu 200 a cikin shekara ashirin na farkon wannan ƙarni, da yawansu sun koma kudun da kakanninsu suka gudo daga ciki.

Abin da ya rage shi ne unguwa mai kai biyu. A layi ɗaya ga gidan dutse da aka sayar dala miliyan biyu ko uku, ga benen hukuma da lif ɗinsa ke yawan lalacewa. Na tsakiya ne ke zamewa. Ko gidajen da ake kira masu rahusa ba su toshe wannan gurbi ba, saboda ma'aunin rahusar ba daga samun mutanen unguwa ake ɗauko shi ba. Hukumar gidaje ta tarayya ce ke fitar da adadi ɗaya na birnin da kewayensa, wanda a 2024 ya kai dala 139,800 a shekara ga iyali mai mutum uku. Ɗakin da aka ware wa mai samun kashi 80 na wannan adadi sunansa mai rahusa, amma yawancin iyalan Harlem ko kusa ba za su je ba. A kan wannan aka yi rigimar One45, dogayen benayen da aka so ginawa a Titi na 145. 'Yar majalisar birni mai wakiltar yankin ta ce rahusar ba ta mutanenta ba ce, aka janye shirin a 2022, mai filin ya fusata ya mayar da wurin tashar manyan motoci. A lokacin unguwa ta rasa gidajen, ta samu hayaƙi. Na kasa ganin wanda ya ci riba a wannan zagayen.

Duk wannan yana komo da mu kan mallaka. A 2000, gidajen Harlem ta Tsakiya da mazaunansu ne masu su ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. In farashin ƙasa ya ninka, mai gida ya yi arziki yana kwance, ɗan haya kuwa takardar ƙarin haya ce rabonsa. Iyalan baƙaƙen da suka yi ƙarfin halin sayen gidan dutse a shekarun 1970 da 1980, lokacin da ake musu kallon marasa hankali, sun ci ribar, wasu sun sayar sun koma kudu da kuɗi a aljihu, kuma ba na ganin laifinsu. Amma su kaɗan ne. Mafi yawan waɗanda suka zauna cikin shekarun wuta da harbi, suka kafa ƙungiyoyin layi, suka share kangaye suka yi lambu, suka matsa wa hukuma lamba har ta gyara, su ne suka mayar da unguwar wurin da wani zai so shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Lokacin da birni ke sakin gidajen da ke hannunsa aka samu damar da ba za ta sake dawowa ba ta mayar da 'yan haya masu gida. An yi hakan a wasu benaye, inda mazauna suka haɗu suka saye su a farashi kaɗan, kuma yau suna cikin wuraren da tsofaffin mazauna suka fi zama da gindinsu. Ba a yi da yawa ba.

Ratar da ke bayan wannan ta fi ta albashi girma nesa ba kusa ba. A 2022 gidan baƙar fata na tsakiya a Amurka yana samun dala 52,860 a shekara, na farar fata dala 81,060. Tazara ce, amma ba ta kai ninki biyu ba. In aka zo ga dukiya, wato gida da ajiya da hannun jari bayan an cire bashi, babban bankin ƙasar ya samu dala 44,900 a gefe ɗaya, dala 285,000 a ɗaya gefen. Ninki shida da ɗoriya. Matasa biyu masu albashi ɗaya za su je neman gida a Harlem, ɗaya iyayensa su ba shi kuɗin kafin alƙalami daga ribar gidan da kakansa ya saya da rancen da gwamnati ta tsaya wa a 1950, ɗayan kuwa a lokacin kakansa yana cikin jan launin taswira.

Mai son ganin ɗaya fuskar ya leƙa kudu maso gabashin Queens, su St. Albans da Cambria Heights. Can ma baƙaƙe ne mafi rinjaye, da yawa 'yan asalin Karebiyan, amma gidajen nasu ne. A 2005 alƙaluma suka nuna gidan baƙar fata na tsakiya a Queens ya ɗara na farar fata samu, abin da babu wata babbar gunduma a Amurka da ta yi a lokacin. Rikicin bashin gidaje na 2008 ya dake su ƙwarai, don su aka fi tallata wa rance mai tarko. Duk da haka unguwannin ba su sauya fuska irin yadda Harlem ta sauya ba. Mai gida ba a ƙara masa haya.

Akwai kuma abin da kalmar "baƙar fata" ke ɓoyewa, kuma nan ne labarin ya taɓo mu. A takardar ƙidaya mutum ne ke zaɓar launinsa, kuma akwati ɗaya ne ya ɗauki jikan bayin Carolina da ɗan Jamaika da ɗan Haiti da ɗan Najeriya da ɗan Habasha. A Amurka yanzu wajen ɗaya cikin goma na baƙaƙen fata a wata ƙasa aka haife shi. Tun shekarun 1980 'yan Afirka ta Yamma ke sauka Harlem, 'yan Senegal da Mali da Gini da Kodebuwa, har Titi na 116 ya samu laƙabin Ƙaramar Senegal. A cikin masu baza kaya a bakin Titi na 125 akwai Hausawa da Zabarmawa daga Nijar, suna sayar da huluna da jakunkuna da atamfa. A watan Oktoba na 1994 magajin gari Rudolph Giuliani ya sa 'yan sanda suka tashe su, aka mayar da su kasuwar da masallacin Malcolm Shabazz ke kula da ita a Titi na 116. Tashin masu tebur na cikin matakan farko na share wa manyan kantuna hanya. Zuwan waɗannan baƙi ya rufe wani ɓangare na raguwar 'yan asalin wurin: da ba don su ba, da adadin baƙaƙe ya fi haka faɗuwa. Ɗan Jamhuriyar Dominika kuwa, wanda a kasuwar Kurmi ba wanda zai yi shakkar baƙi ne, sau da yawa a lissafin masu jin Sifaniyanci yake faɗawa. Ƙidayar ma ba ta kama kowa: hukumar da kanta ta amince cewa a 2020 ta rage baƙaƙen fata da kashi 3.3 cikin ɗari, ta ƙara wa fararen fata kashi 1.6. Mai kwana a ɗaki ɗaya da mutum biyar, babu takardar zama, ba ya ɗokin cika fom ɗin gwamnati.

Siyasa ta riga ta nuna sauyin. Kujerar majalisar wakilai da Adam Clayton Powell ya ci a 1944, Rangel ya karɓa a 1971 ya riƙe har 2017, daga nan ta koma hannun Adriano Espaillat, haifaffen Jamhuriyar Dominika, bayan an ja iyakar mazaɓar ta haɗa da Washington Heights da wani yanki na Bronx. Kujerar majalisar birni kuwa Yusef Salaam ya ci ta a 2023, Musulmi, ɗaya daga cikin yara biyar da aka ɗaure bisa kuskure kan harin Central Park na 1989. A 2017 wasu dillalai suka fara tallata kudancin unguwar da sabon suna, SoHa, don ya yi kama da SoHo, wata unguwar masu kuɗi a birnin. Mutane suka yi ca, aka janye sunan. Sunan dai sun riƙe shi.

'Yan Afirkan Titi na 116 su ma yanzu hayar ta iske su. Shaguna da gidajen abinci da dama sun rufe, sababbin benaye sun tashi a titin Frederick Douglass inda suke a da. Da yawa daga 'yan Afirkan New York a Bronx suke zaune yau, can ne za ka ji Hausar zangon Kumasi da ta Akara da ta Maraɗi a bakin masallaci bayan sallar Juma'a. Wasu har yanzu suna da rumfa a kasuwar Malcolm Shabazz, su hau jirgi da safe su sauko Harlem, da dare su koma. Ranar ƙidaya a Bronx za a rubuta su, da ɗan abin da suke samu.